Yadda za ka ba da aikin gyaran gida ba tare da ɗan kwangila ya bar ka da kango ba

Aikin da na ba ɗan kwangilar ba wani babba ba ne. Banɗaki ɗaya za a sake wa bututun ruwa da tayil, a faɗaɗa kicin ta hanyar cire bangon da ya raba shi da wani ɗan ƙaramin sito, a sake wayar lantarkin wannan ɓangare, sannan a yi fenti. Mutumin ya zagaya gidan sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya ce: "Yallaɓai, wannan ai aikin mako shida ne. Kai dai kawo kuɗin kaya, sauran ka bar mini." A ranar na ba shi fiye da rabin kuɗin aikin, babu takarda babu shaida, domin wani wanda nake ganin girmansa ne ya haɗa mu, sai na ji nauyin in ce a rubuta. Bayan wata biyar iyalina na girki a baranda, bangon ɗakin da ke jikin banɗakin ya jiƙe har fenti na ɓarewa, wata tsaga ta fito a saman inda aka cire bangon sito, shi kuwa idan na kira wayarsa sai ta yi ta ƙara babu mai ɗauka.

Na daɗe ina tunanin ranar da aikin ya kuɓuce mini, kuma na gane cewa tun ranar farko ne, lokacin da kuɗin da ke hannunsa ya zarce aikin da ke ƙasa. Daga wannan rana ni nake bin sa, ni nake lallashi, domin idan ya tafi ni ne zan yi asara, shi kuwa babu abin da ya rage masa a wurina da zai sa ya dawo. Duk shawarar da ke cikin wannan rubutu tana komawa ne ga yadda mai gida zai hana kansa shiga wannan hali, da kuma abin da zai yi idan ya riga ya shiga.

Kafin ka kira kowa, ka zauna ka rubuta abin da kake so a yi, ɗaki bayan ɗaki, da harshen da kai kanka za ka fahimta. Kada ka tsaya a kan "gyaran banɗaki", domin wannan magana tana iya nufin sauya famfo kawai, tana kuma iya nufin fasa daɓe har ƙasa. Ka rubuta cewa za a cire tsohon tayil na ƙasa da na bango, a sauya duk bututun da ke cikin bango, a shafa maganin hana ruwa ratsawa kafin a ɗora sabon tayil, a kwashe ɓaraguzai a fitar da su daga gidan. Wannan takarda ita za ka ba duk wanda ya zo neman aikin, saboda su yi maka lissafi a kan abu ɗaya. Haka kuma ka ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin da ka tanada, ka ajiye shi gefe ba tare da ka gaya wa kowa ba, domin tsohon gida ba ya nuna ciwonsa sai an fasa shi: bututu mai tsatsa, katakon da gara ta cinye, ko wayar da ta ƙone a cikin bango.

Wajen zaɓen wanda za ka ba aikin, shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce aikin da ya yi ya kwana biyu. Hoton aikin da aka gama jiya ba ya nuna komai, domin sabon fenti yana rufe kowane aibi. Ka nemi ya kai ka gidan da ya gyara shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, wanda damina ta doka, sannan ka yi magana da mai gidan ba a gabansa ba. Ka tambaye shi ko an gama a kan lokaci, ko an nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki, ko kuma mutumin ya dawo da aka kira shi gyaran abin da ya lalace. Amsar tambaya ta ukun ita ce ta fi bayyana hali. Idan a inda kake hukuma na ba 'yan kwangila lasisi ko rajista, ka duba da kanka cewa nasa yana aiki, ka kuma san ofishinsa ko wurin zamansa na dindindin, domin lambar waya kaɗai ba adireshi ba ce.

Ka karɓi lissafi daga mutum uku aƙalla, kuma ka ƙi karɓar wanda aka dunƙule shi a jimla ɗaya. Lissafin kirki yana raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, yana faɗin buhun siminti nawa, tayil murabba'in mita nawa, waya mai wane kauri, fenti na wane kamfani kuma shafa nawa za a yi. Idan ɗaya daga cikin ukun ya yi ƙasa da sauran nesa ba kusa ba, kada ka yi murna, ka tambaye shi abin da ya bari a baya. Sau da yawa wanda ya karya farashi don ya sami aiki yana da niyyar cike giɓin ne ta hanyar rage siminti, sayen kaya marasa inganci, ko dawowa da "ƙarin aiki" bayan ya riga ya fasa maka gida ba ka da damar korarsa. Araha ba ta ado, kuma a harkar gini sai an rufe bango ake fara biyan kuɗinta na gaskiya.

Daga nan sai takardar yarjejeniya. Na san irin nauyin da ake ji idan ɗan kwangilar ɗan'uwa ne, ko aboki, ko wani babba ne ya kawo shi, domin nauyin nan shi ya ci ni. Amma takarda ba zargi ba ce, kuma mai gaskiya ya fi kowa amfana da ita, tunda tana kare shi daga mai gidan da ke ƙara aiki kullum ba ya son ƙara kuɗi. Ya kamata ta ƙunshi cikakken sunan kowane ɓangare da adireshinsa, bayanin aikin kamar yadda ka rubuta shi, nau'in kayan da za a yi amfani da su, ranar farawa da ranar gamawa, matakan biyan kuɗi, abin da za a cire daga kuɗinsa idan ya wuce wa'adi ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, da kuma sharuɗɗan da za su ba kowannenku damar soke aikin. Ku sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. Idan aikin babba ne, ka bar lauya ya karanta kafin ka sa hannu. Idan kuma aikin ya taɓa ginshiƙan gida, ko ƙarin bene, ko sauya fasalin gini, ka bincika ko ana buƙatar izinin hukumar tsara gine-gine, domin idan aka zo rushewa ko cin tara, mai gida ake nema, ba wanda ya riƙe cokalin gini ba.

Batun kuɗi shi ne zuciyar al'amarin, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Ƙa'idar ita ce a kowace rana ta aikin, darajar abin da aka yi a gidanka ta kasance ta kai ko ta zarce abin da ka biya. Kuɗin kafin alƙalami ya zama kaɗan, gwargwadon abin da zai kawo ma'aikata da kayan farko wurin aiki. Wasu wurare ma doka ce ta ƙayyade shi: a jihar Kalifoniya ta Amurka, ɗan kwangilar gyaran gida ba shi da ikon karɓar kafin alƙalami da ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Ko da babu irin wannan doka a inda kake, hikimar da ke cikinta ta isa a yi koyi da ita. Sauran kuɗin ka raba shi bisa matakan da ido ke iya gani, kamar bayan an gama fasawa da kwashe ɓaraguzai, bayan an shimfiɗa bututu da waya an gwada su, bayan filasta, bayan tayil, bayan fenti. Kada ka ɗaura biya da ranakun kalanda, domin ranar tana zuwa ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Idan ɗan kwangila ya ce yana buƙatar kuɗi masu yawa don sayen kaya, akwai hanya mai sauƙi: ka biya mai sayar da kayan kai tsaye, rasit ya fito da sunanka, a sauke kayan a gidanka, ka ƙirga su da hannunka. Ta haka ko ya gudu kayan naka ne. Kowane biya ya bi ta banki ko ya kasance da rasit mai sa hannu da kwanan wata, a kuma rubuta matakin aikin da aka biya. Sannan ka riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na jimlar kuɗin har sai an gama aiki an zauna a cikinsa na wasu watanni, shida ko sha biyu gwargwadon yadda kuka amince. Wannan ba sabon abu ba ne, haka ake yi a manyan kwangiloli, kuma shi ne kaɗai abin da ke dawo da ɗan kwangila idan famfo ya fara ɗiga bayan ya kwashe kayan aikinsa. Ka kuma riƙa tambayar birkila da kafinta da leburori ko ana biyansu. A aikina sai daga baya na gano cewa mai tayil ya daina zuwa ne saboda makonni uku ba a ba shi komai ba, alhali ni na biya kuɗin tayil ɗin tun tuni. A wasu ƙasashe, har da Amurka, ma'aikaci ko mai sayar da kayan da ba a biya ba yana iya ɗora haƙƙinsa a kan gidan ta hanyar doka, ko da mai gidan ya biya ɗan kwangila cif.

Abu na biyu mafi muhimmanci bayan kuɗi shi ne ganin duk abin da za a rufe kafin a rufe shi. Ha'incin gini yana ɓuya ne a cikin bango, ƙarƙashin tayil da saman silin, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sa a cikin yarjejeniya cewa ba za a yi filasta ko a ɗora tayil a kan bututu da waya ba sai ka gani, ko wanda ka wakilta ya gani, kuma ka ɗauki hoton kowane bango yana buɗe, da awon tef a jiki, domin ranar da za a nemi inda bututu ya bi ba sai an farfasa ɗaki duka ba.

Bangon da za a cire shi ne ya fi kowane haɗari. Ƙwanƙwasawa da yatsa ba ta nuna ko bango na ɗauke da nauyin rufi ko bene, injiniyan gini ne ke iya tabbatar da haka, kuma kuɗin zuwansa sau ɗaya bai kai ko kusa da kuɗin gyaran abin da zai lalace ba. Idan bangon na ɗauke da nauyi, dole a tokare saman kafin a fasa, a zuba lintal, wato kankare mai rodi da ake gittawa ya ɗauki nauyin saman, ko a sa ƙarfe mai girman da injiniya ya ƙayyade. A gidana lintal aka zuba mai ƙarancin rodi, aka kuma cire katakon da ke tokare da shi bayan kwana uku, shi ya sa tsagar ta fito. Kankare ba bushewa yake yi ba, ƙarfi yake tarawa a hankali ta hanyar haɗuwar siminti da ruwa, don haka yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. A kwana 7 bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi ba. Kwaɓin da aka saba yi wa irin wannan ƙaramin aiki shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, sai dai idan injiniya ya faɗi wani abu dabam. Ka tsaya ka ga an yi kwaɓi ko sau ɗaya, ka ƙirga kwanon yashin da ake zuba wa buhu guda. Buhun simintin da ya yi dunƙule-dunƙule masu tauri ya sha danshi, a mayar da shi.

A banɗaki kuwa gwaji biyu ne ba a tsallake su. Na farko, a cika bututun da ruwa a toshe bakunansu, a bar su cikin matsin ruwa kafin a rufe bango, a bi kowace mahaɗa da busasshen hannu ana neman danshi. Na biyu, bayan an shafa maganin hana ruwa ratsawa a daɓe da gindin bango, a toshe magudanar, a tara ruwa ya kwana aƙalla awa 24, sannan a duba ko ya ragu, a kuma duba bayan bangon da ƙasan benen idan a sama ne. Daɓen ya gangara zuwa magudana da kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Da idona na ga sakamakon barin wannan: na zuba bokitin ruwa a sabon banɗakin, ruwan ya bar magudanar ya taru a kusurwar bayan ƙofa, ya tsaya cik, daga nan yake tsotsewa cikin bangon ɗakin kwana. Bayan an ɗora tayil, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da gindin mabuɗi, duk wanda ya yi ƙarar fanko babu isasshen kwaɓi a ƙarƙashinsa, kuma shi zai fara fashewa. Ka sayi tayil da rarar kusan kashi 10 cikin ɗari a lokaci guda, domin launi yakan ɗan bambanta daga wannan zubi zuwa wancan.

Wayar lantarki ka ba wanda ya san aikin kuma yake da shaidar ƙwarewa, domin kuskure a nan gobara ce. Inda ake amfani da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, an saba sa waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, mafi kauri kuma ga na'urar dumama ruwa da murhun lantarki, kowanne da layinsa. Kaurin yana rubuce a jikin wayar, ka karanta da kanka, ka kuma tabbatar an haɗa wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa don kada ta ja mutum. Fenti kuma kada a yi gaggawarsa: sabuwar filastar siminti tana buƙatar makonni kafin ta saki danshinta, wanda aka shafa a kan ɗanye kumbura yake yi ya ɓare.

Kusan babu aikin gyaran da ake gamawa ba a sauya wani abu a tsakiya ba, ko kai ka canja ra'ayi ko a tarar da matsalar da ba a zata ba. Duk sauyi, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi da kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara kafin a taɓa shi, ko da a saƙon waya ne wanda shi ma zai amsa da cewa ya yarda. Maganar da aka yi a tsaye cikin ƙura, kowa da yadda zai tuna ta ranar lissafi.

Matsala ba ta zuwa ba sallama. Ma'aikata za su fara raguwa, a yi kwana biyu babu kowa, a nemi kuɗin mataki na gaba alhali na baya bai kammala ba, kayan da ka ƙirga su ragu ba ka ga inda aka sa su ba, uzuri kuma ya yawaita. Yawanci ma'anar wannan ita ce an kai kuɗinka wani aikin, ana jiran kuɗin wani a kawo naka. A wannan gaɓa ne na yi kuskure na biyu, na ƙara masa kuɗi da fatan ya samu ya ƙarasa, sai ramin ya ƙara zurfi. Idan ka ga waɗannan alamu, ka tsayar da biya nan take, cikin mutunci amma ba tare da sassauci ba.

Idan abin ya riga ya ɓaci, ka fara da tattara hujja kafin ka ɗaga murya. Ka ɗauki hotuna da bidiyo na kowane sashe da kwanan wata, ka haɗa rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin da kuka yi, ka kulle sauran kayan da ka biya. Ka kawo injiniya ko ƙwararren mai ƙiyasta gini wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar, ya rubuta maka abin da aka yi, abin da aka yi ba daidai ba, da abin da zai ci a gyara. Sannan ka aika wa ɗan kwangilar takarda mai bayyana laifuffukan ɗaya bayan ɗaya, ka ba shi wa'adi mai ma'ana, kamar kwana 14, ya dawo ya gyara, ka kuma faɗi abin da za ka yi idan bai zo ba. Kada ka kawo wani ya fasa aikinsa kafin a rubuta wannan rahoto kuma wa'adin ya cika, domin yin haka yana shafe hujjarka, yana kuma ba shi damar cewa kai ka hana shi ƙarasawa. Idan wa'adi ya wuce, ka gwada sulhu ta hannun wanda ya haɗa ku ko ƙungiyar sana'arsa, a rubuta abin da aka cimma. In hakan bai yi ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, da hukumar da ta ba shi lasisi, da kotu, kuma ƙasashe da dama suna da kotun ƙananan ƙararraki wadda ba ta buƙatar doguwar shari'a. Ka guji zagi da barazana da yaɗa sunansa da zargin da ba za ka iya tabbatarwa ba, domin hakan na iya mayar da kai wanda ake ƙara.

Ni kuwa, da rahoton injiniya da shaidar banki na samu aka zauna, ɗan kwangilar ya amince a rubuce zai mayar da wani kaso na kuɗin, ya kuma biya shi kashi-kashi cikin watanni. Bai kai abin da na kashe wajen gyara ba, domin sai da aka tokare rufin kicin aka sake zuba lintal, aka kuma ɗaga tayil ɗin banɗakin gaba ɗaya. Wanda ya karɓi aikin na biyu mun yi takarda da shi, na biya shi mataki-mataki, kuma ranar miƙa aiki mun zagaya tare da rana tsaka, ina riƙe da takarda da biro. Na buɗe kowane famfo, na kunna kowane makunni, na gwada kowane soket, na buɗe ƙofofi da tagogi na rufe, na sake zuba bokitin ruwa a banɗaki na tsaya har ya tsiyaye duka ta magudana. Ƙananan gyare-gyare guda tara muka rubuta, muka sa hannu, ya zo ya yi su cikin mako guda. Kason da na riƙe kuwa na biya shi bayan wata shida, da na shafa bangon ɗakin kwana na ji shi a bushe.